Bawul Ɗin Tsohon Rediyo Ya Zama Haja, Amma Sai Da Awo

Duk wanda ke zaune a Kotobabi ko Nima ko Mamobi ya san kiran nan na "kondem, kondem" da yaran nan ke yi, suna bi lungu-lungu da amalanke suna sayen tsofaffin ƙarafa. Cinikinsu na nauyi ne. In ka fito musu da tsohon akwatin rediyon da mahaifinka ya bari, ɗaga shi za su yi su ji nauyinsa su yanke kuɗi, domin abin da suke nema a ciki shi ne jan ƙarfen da ke naɗe a tiransifoma, da alminiyam, da baƙin ƙarfe, waɗanda za a ɗora a kan sikeli. Su kuwa 'yan kwalaben nan da ke jere a cikin akwatin, masu kama da ƙwan fitila mai ƙafafu, ba su da nauyi, saboda haka guduma ɗaya ta ishe su. To, wasu daga cikin waɗannan kwalabe akwai masu nemansu ido rufe a Amurka da Jamus da Japan, ta intanet ake cinikinsu, kuma guda ɗaya yakan fi duk ƙarfen da ke jikin rediyon kuɗi. Sai dai kafin wani ya tashi ya farke akwatin kakansa, ya kamata ya ji yadda abin yake, don wannan haja ba ta sayuwa sai da awo.

Sunan kwalbar a bakin masu gyaran rediyo shi ne bawul, kamar dai bawul ɗin tayar keke, kuma ba a banza suka yi tarayya a suna ba. Dukansu ƙofa ce da ke barin abu ya wuce ta gefe ɗaya, ta hana shi komowa. An zuƙe iskar da ke cikin gilashin ƙaf. A tsakiya akwai siririn zare wanda wuta ke gasawa har ya yi ja, shi kuma ya ɗumama wani ɗan bututu da ake kira katod. Da katod ya yi zafi sai ya riƙa fitar da ƙwayoyin lantarki, su tsallaka su faɗa kan wani ƙarfe da ke kewaye da shi, wanda ake ce wa faranti. Tsakanin katod da faranti kuwa an gitta wata raga ta siririyar waya, ita ce kan famfo. 'Yar wuta kaɗan in ta taɓa ragar sai ta rage ko ta ƙara abin da ke kwarara zuwa faranti, kamar yadda ƙaramin yaro ke murɗa kan famfo da yatsu biyu ya tsayar da ruwan da ya fi ƙarfinsa. Da haka raunanniyar muryar da eriya ta tsinto daga London take girma har ta cika tsakar gida. Wani Bature ɗan Ingila, John Ambrose Fleming, shi ya fara ƙera bawul a 1904, sa'an nan Lee de Forest na Amurka ya saka masa ragar a 1906. A 1947 aka gano taransista, wanda ba ya bukatar a gasa shi, ba ya fashewa, ba ya shan batir, daga nan sarautar bawul ta fara girgiza.

Mu nan Gana, bawul ya shigo mana ne tare da rediyo. Ranar 31 ga Yuli 1935 Gwamna Sir Arnold Hodson ya buɗe tashar ZOY a nan Ankara. Da farko ta waya ake kai muryar gidajen waɗanda suka biya, a rataya musu akwati mai lasifika a bango. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka shiga ba da labarai cikin harsunan ƙasa, har da Hausa, kuma bayan samun mulkin kai Hausa ta zauna cikin harsuna shida na gidan rediyon Gana, wanda ke nan Kanda, maƙwabtan Nima. A 1957 kuma Sashen Hausa na BBC ya fara aiki. Saboda haka alhazan zango da fataken goro da na shanu suka shiga sayen manyan akwatunan katako, su Philips da Grundig da Pye da Bush, waɗanda in an kunna sai an jira sun yi ɗumi kafin su yi magana, ga wani koren ido a gaba da ke tsukewa in an kamo tasha daidai. Shi ma idon nan bawul ne.

Zamanin bai daɗe ba. Cikin shekarun 1960 aka fara harhaɗa Akasanoma a Tema, rediyon taransista mai batir wanda talaka zai iya saye ya tafi da shi gona. Talabijin ya zo a 1965, akwatunan farko masu hoto baƙi da fari cike suke da bawul, su ma ba a jima ba taransista ya kore su. Inda bawul ya fi daɗewa shi ne duk inda ake bukatar babbar murya: gidajen silima na wancan zamani, irin su Dunia ta Nima da Orion ta Circle, da kuma wurin makaɗa, don manyan amfilifayar jita, su Vox da Fender da Marshall, da bawul suke aiki. Dokar hana fitar dare da ta biyo bayan juyin mulkin 31 ga Disamba 1981 ta karya kasuwar makaɗan dare, da yawansu suka bar ƙasar, kayansu suka watse, wasu a coci-coci, wasu a ɗakunan ajiya.

To, me ya sa abin da duniya ta yar tuntuni ya dawo da kuɗi? Mutane iri biyu ne suka ƙi rabuwa da shi. Akwai makaɗan jita, waɗanda suka ce in an matsa wa bawul ya wuce ƙarfinsa yakan yi wata dusasshiyar murya mai daɗi, shi kuwa taransista in an matsa masa sai ya karci kunne. Akwai kuma masu hali da suka mai da sauraron faifai abin sha'awa, suna zuba dukiya a kan na'urar ƙara sauti. Ko kunnensu gaskiya yake gaya musu, ko kuwa marmarin zamanin da ne, gardama ce da injiniyoyi ba su gama ba, kuma mai haja ba ruwansa da ita. Abin da ya shafe shi, masu nema suna nan, masu ƙerawa sun kusa ƙarewa. Babbar masana'antar Mullard da ke Blackburn a Ingila ta daina yin bawul a farkon shekarun 1980, Telefunken ta Jamus da RCA ta Amurka su ma duk sun bari. 'Yan kaɗan suka rage, JJ a Sulobakiya, da wata a garin Saratov na Rasha, sai wasu a Sin. Babbar ta Sin ɗin, Shuguang, ta tsayar da aiki a 2019. Sa'an nan yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, fitar da kaya daga Saratov ya shiga ruɗani, aka yi ta rububin saye, kuɗin sababbi ya tashi, na tsofaffi ya bi shi. Tsohon ECC83 na Mullard ko Telefunken, in yana da lafiya, ba abin mamaki ba ne a ga ya haura dala 100, alhali sabon JJ mai wannan lamba bai kai rabin haka ba.

A nan ne nake so samarinmu su kwantar da hankali, kada a ji dala a ɗauka an tsinci dami a kala. Mafi yawan bawul ɗin da za a samu a Ankara ba su da kasuwa. Abin yana jikin lambar, kuma Turawa sun tsara haruffan ne da ma'ana. Harafin farko yana faɗin irin wutar da zaren yake ci: E bolt 6.3 ke nan, G bolt 5, P na talabijin ne, U na ƙananan rediyo marasa tiransifoma. Haruffan da ke biye suna faɗin aikinsa: C ɗan ƙarami mai raga ɗaya, CC biyu ke nan a kwalba ɗaya, L mai ƙarfi wanda ke tura lasifika, Z mai gyara wutar gari ta zama wadda na'ura ke ci, M koren idon nan. PCL82 da PY88 da makamantansu na tsofaffin talabijin, da ƙyar su biya kuɗin aikawa. ECH81 da EF89 na rediyo su ma arha ne. Waɗanda ake nema su ne ECC83 da 'yan'uwansa ECC81 da ECC82, sai EL84 da EL34 da GZ34, da KT66 da KT88 na kamfanin GEC. Amurkawa nasu tsarin daban ne, abin da Turai ke kira ECC83 su 12AX7 suke ce masa, suna kuma da nasu 6L6 da 6V6. Rediyon katako na shekarun 1950 yawanci EL84 ɗaya ne a cikinsa mai ɗan daraja. Amfilifayar makaɗa ita ce rumbu, don Vox AC30 guda yana ɗauke da EL84 huɗu, da GZ34, da ECC83 fiye da ɗaya.

Tun da aka rushe kasuwar ƙarafa ta Agbogbloshie a watan Yuli 2021, masu sana'ar suka warwatsu cikin unguwanni, tsofaffin kaya yanzu kusa da mu ake fasa su. Amma mafi kyawun bawul ba a bola yake ba. Yana cikin aljihun teburin tsofaffin masu gyaran rediyo, da bayan kantar shagunan kayan lantarki irin na Zongo Lane, inda aka ajiye shi sabo cikin kwalinsa don ranar bukata, ranar ba ta zo ba.

Awo na farko na ido ne. A saman kwalbar ko a gefenta akwai wani shafe mai ƙyalli kamar bayan madubi. Wanda bai sani ba yakan ɗauka ƙonewa ce, alhali alamar lafiya ce. Sinadarin bariyam ne da aka fesa a masana'anta don ya lashe sauran iskar da ta rage. In ya koma fari kamar alli, iska ta shiga, bawul ya mutu, babu magani. Sai a duba ƙafafu, don iskar teku da laimar Ankara suna sa su tsatsa. A goge su a hankali, kada a lanƙwasa, gilashin da ke gindinsu ba ya son wasa. Abu ɗaya da nake roƙon kowa: kada a wanke kwalbar. Farin rubutun da ke jikinta, sunan kamfani da tambarinsa, babban yatsa mai gumi ma yana share shi, kuma da ya tafi kuɗi ya ragu. Masu saye sun san ana buga rubutun jabu, don haka sukan nemi alamun da ba sa gogewa. Telefunken na asali yana da ɗan tambarin lu'ulu'u da aka zuba a gilashi, tsakanin ƙafafu. Mullard kuma yana da wasu ƙananan haruffa masu launin toka da aka ci a gilashi kusa da gindi, layi biyu: na sama lambar irinsa, kamar I61 ko I63 ga ECC83, na ƙasa in ya fara da B to daga Blackburn ya fito, sauran haruffan shekara ce da wata. A kula kuma, yau akwai sababbin bawul masu sunan Mullard da Tung-Sol waɗanda a Saratov ake yin su. Ba jabu ba ne, kamfanin ya sayi sunayen, amma kuɗinsu ba ɗaya ba ne da na da.

Bayan ido sai inji. Kunna bawul a rediyo a ji ya yi magana ba awo ba ne, don wanda ya cinye kashi biyu cikin uku na ransa ma zai yi magana. Injunan awo iri biyu ne. Akwai mai arha, wanda ke haɗe raga da faranti wuri ɗaya, ya duba ko katod na fitar da ƙwayoyin lantarki, allura ta nuna kore ko ja. Wannan yana gaya maka akwai ruwa a tanki, bai gaya maka ko kan famfon na aiki ba, kuma mai sayen da ya san abin da yake yi ba ya biyan kuɗi a kan kore da ja. Na biyun shi ne na sosai. Yana ba faranti wutarsa daban, ya ba raga tata daban, kamar yadda za su samu a bakin aiki, sa'an nan ya karanta abu biyu: yawan wutar da ke ratsa faranti, da miliyamfiya, wato mA, da kuma yadda bawul ke jin maganar raga, wato in an motsa raga da bolt ɗaya, miliyamfiya nawa ke canzawa a faranti. Wannan na biyun shi ne ƙarfin ƙara sautinsa. A ƙasashen da Ingila ta mulka an fi sanin injunan kamfanin AVO, irin su VCM163 da CT160. Amurkawa suna da Hickok da kuma TV-7 na sojojinsu. Akwai na zamani, har da wani ɗan ƙarami mai suna uTracer da wani injiniya ɗan Holan ya tsara, ana sayen kayansa a harhaɗa da hannu, a jona da kwamfuta, ya zana halin bawul a allo. Yaron da ya koyi aikin lantarki a makaranta irin ATTC ta Kokomlemle, wannan ba zai gagare shi ba.

Lambar da inji ya bayar ba ta da ma'ana sai an gwada ta da ta littafin masana'anta. Littafin ya ce sabon EL84, in an ba farantinsa bolt 250, aka danne raga da bolt 7.3, zai ja mA 48, jin maganarsa kuma mA 11.3 ne a kowane bolt. ECC83 kuwa, a bolt 250 da dannin bolt 2, kowane ɓangarensa mA 1.2 yake ja, jin maganarsa 1.6. Wanda ya zo kusa da waɗannan ƙarfinsa na nan. Wanda ya faɗo ƙasa da kashi biyu cikin uku ya gaji. TV-7 shi nasa salon daban, lamba kawai yake nunawa, kowane bawul da iyakar da bai kamata ya gaza ba, ta 12AX7 ita ce 32. Shi ya sa za ka ga an rubuta 46/48 a talla, wato ɓangarorin biyu ke nan, sa'an nan a ambaci iyakar.

Ga wata matsala tamu ta gida wadda mai sayarwa a Jamus bai san ta ba. Wutar gari a takarda bolt 230 ce, amma kowa ya san yadda fitila ke dushewa a Kotobabi bayan magariba, lokacin da kowane gida ya kunna nasa. In wuta ta yi ƙasa zaren ba ya gasuwa sosai, lafiyayyen bawul sai ya nuna gajiya. In ta yi sama, gajiyayye sai ya yi kamar saurayi. Tsofaffin injunan suna da mamurɗin da ake daidaita allura da wutar gari, kuma a nan sai a duba shi kafin kowane bawul, ba sau ɗaya da safe ba. Da janareta kuwa kada ma a fara. Shi kansa injin, wanda ya shekara 60, yana iya yin ƙarya ba da niyya ba, saboda haka masu sana'ar kan ajiye bawul ɗaya da aka san lambarsa tabbas, su riƙa gwada injin da shi, kamar yadda mai gwal ke ajiye dutsen awonsa. Bayan lambobi akwai cututtukan da sai an bincika daban: wayoyin ciki su taɓa juna, wuta ta yoyo daga zare zuwa katod ta kawo gurnani, ko kayan ciki su saki, in ka ƙwanƙwasa kwalbar da fensir a cikin amfilifaya ka ji ta amsa a lasifika kamar ƙararrawa. Duk wannan yana iya samun bawul ɗin da lambarsa ta yi kyau.

Yanzu sai haɗa aure, wato abin da masu saye suka fi biya. Manyan amfilifaya biyu-biyu suke aiki da bawul masu tura lasifika. Ka ga mata biyu suna lugude a turmi ɗaya, wannan ta ɗaga taɓarya wannan ta sauke? Haka suke, ɗaya ya ɗauki rabin sautin, ɗaya ya ɗauki sauran rabin, su haɗu a tiransifoma. In ƙarfinsu ɗaya, gurnanin wutar gari da kowanne ya kwaso yakan kashe na ɗan'uwansa, sauti ya fita tas. In ɗaya ya fi ɗaya ja, gurnani ya bayyana, kaurin sautin ya dushe, mai ƙarfin ya ɗauki kayan biyu, ya yi ta zafi har farantinsa ya yi ja, ya mutu da wuri, wani lokaci ya tafi da tiransifoma wadda ta fi shi tsada nesa ba kusa ba. A ce kana da EL84 huɗu, suka ba da mA 47 da 45 da 38 da 30. Na 47 da na 45 sun dace, don tazararsu ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba, abin da masu saye suka fi so ke nan, ko da yake wasu na karɓar kashi 10. Na 38 lafiyarsa ƙalau a rediyo mai EL84 ɗaya, amma gwauro ne, sai ka ajiye shi har Allah ya kawo tsaransa. Na 30 ya gaji. Kuma ba a ɗaura auren a kan lamba ɗaya, sai jin maganarsu ma ya zo kusa, kamfaninsu ɗaya, ƙirar farantinsu ɗaya. Bawul ɗin da ya shekara 40 a kwali, lambarsa takan motsa in ya fara aiki, don haka a bar shi kunne na wasu sa'o'i kafin a yanke masa hukunci. Sa'an nan inji a bolt 250 yake awo, amfilifayar jita kuwa takan haura 400, kuma biyun da suka dace a nan suna iya rabuwa kaɗan a can. Maganin wannan shi ne a faɗi wutar da aka yi awon da ita, mai saye ya yi nasa lissafi. Daga wannan za a gane cewa mai bawul biyar ba ya haɗa aure. Sai an tara da yawa iri ɗaya kafin a sami biyu ko huɗu da suka dace. Ni a ganina gara samari uku ko huɗu su haɗa hajarsu da inji ɗaya, da kowa ya riƙe gwaurayensa.

Mai saye a Osaka ko Hamburg ba zai taɓa kwalbar ba, ba zai ga fuskarka ba. Hoto yake gani a eBay ko Reverb, da lambobin da ka rubuta, su yake biya. Mu kuwa da nauyi a ka muke shiga wannan kasuwa. Kalmar sakawa, wadda duk Gana ta sani har jaridun waje suka ɗauka, daga bakinmu ta fito, Hausa ce, kuma unguwanninmu aka fi jingina mata, da gaskiya da ƙarya. Yaron Mamobi da ya sa haja a intanet, zargi ya riga shi isa. Hanyar yaudara a wannan sana'a kuwa a buɗe take. A kasuwar akwai haruffa uku, NOS, ma'ana sabo ne tsohon ajiya, bai taɓa aiki ba, kuma kuɗinsa ya fi. Wanda aka ciro daga rediyo, ko da lambarsa ta kai ta sabo, ba NOS ba ne, sai a rubuta ya yi aiki, ga abin da ya nuna. Malamanmu na allo sun karantar da mu abin da ke jiran mai tauye mudu, kuma ƙara mA 5 a takarda tauye mudu ne da biro. Ko ta fuskar riba ma ba ya kai mutum ko'ina. Da yawa daga masu sayen suna da injinsu a gida, ranar da kaya ya iso ranar za su auna. A eBay in kaya ya saɓa da abin da aka rubuta, za a mayar wa mai saye kuɗinsa, kuɗin dawo da kayan a wuyan mai sayarwa, sa'an nan a bar masa shaida a shafinsa wadda kowa zai karanta. Ɗan kasuwar da ya san ciwon kansa yakan liƙa wa kowane kwali takarda: sunan inji, wutar faranti da ta raga, lambobin biyu, abin da littafi ya ce, da ranar awo. Ya ɗauki hoton allurar da bawul a kai, da hoton shafen madubin, da na haruffan gindi. In akwai tsatsa ko rubutu ya goge, ya nuna da kansa.

Karɓar kuɗi daga waje yana da nasa ƙa'idojin, kowane shafi da ƙasashen da yake biya, sai mutum ya karanta kafin ya sa haja. Wanda ke da ɗan'uwa amintacce a Bronx ko London ko Hamburg, kuma gidaje nawa ne a zango ba su da shi, ya fi masa sauƙi ya tara kaya ya aika gaba ɗaya a sayar daga can, don kuɗin aika bawul ɗaya daga Ankara yana iya cinye ribarsa. A naɗe kowanne daban, a sa a ƙaramin kwali, a sa ƙaramin cikin babba da abin taushi a tsakani. Kwalin asali, ko ya yage, kada a yar, shi ma kuɗi ne.

Sauran gargaɗi ga 'yan makaranta, don na san halin 'yan ajina in sun ji sabon abu. Cikin waɗannan akwatuna akwai bolt 300 zuwa 500, kuma kafasita na iya riƙe wutar bayan an zare filogi. Tsofaffin talabijin da rediyo masu bawul na U, ƙarfen jikinsu kansa yana iya ɗaukar wutar gari. Kada a jona akwatin da ya shekara 30 a ajiye don a ga ko yana yi, a kai wa mai gyara. In za a cire bawul mai baƙin gindi, a kama gindin, kada a ja gilashin. Rediyon da yake cikakke kuwa, ni ban ga dalilin yashe shi saboda EL84 ɗaya ba. Sau da yawa ya fi daraja a haɗe, kuma akwatin da gida guda ya taru a gabansa ya ji an sauke tutar Ingila a 1957, ya cancanci jikoki su gan shi yana magana.

Abin da ya fi bawul ɗin wuyar samu shi ne injin awon da wanda ya iya shi. Dattawan da suka koyi gyara a zamanin bawul sun manyanta, 'ya'yansu sun koma gyaran waya a Tip Toe Lane, kuma in mai shago ya rasu magada ba sa sanin mene ne wannan akwati mai ramuka da mamurɗai. Wanda ya san inda irinsa yake, ya je ya gai da mai shi tun yana da rai, ya zauna ya ga yadda ake murɗa shi. Ya tambayi littafin da ke tare da shi, don a ciki aka jera yadda ake saita kowane bawul, kuma saiti ɗaya na kuskure ya isa ya ƙone zare ko ya kashe allura. Allurar AVO kuwa ba a ƙera irinta yanzu. In an ba ka injin, kada ka bari yaron mota ya jefa shi bayan trotro, ka biya kujera ka rungume shi a cinya har gida.